Shujaat Baig da Allon da Ya Tsaya Ranar Juma'a

"Rabin shafi ya wadatar, Nuzhat," in ji shugaban sashenmu, wanda muke kira Rao garu don girmamawa, yana tsaye a bakin ƙofar ofishina da kofin shayi a hannu. "Ki ce mutumin kirki ne, ki sa hoton nan nasa na bikin shekara. Rahoton kuwa na riga na cike miki, hannu kawai za ki sa."

Takardu biyu ya ajiye a gabana ya fita. Ɗaya fara ce fat, ta ta'aziyyarka da za a raba wa ma'aikata. Ɗayar kuma rahoton bincike ne da za a kai gaban kwamiti, inda a layi na huɗu aka kira ka "wani tsohon ma'aikaci". A ranar kwananka goma sha uku a kabari. Rabin shafin bai ishe ni ba, Shujaat bhai, ɗan'uwana na wurin aiki, shi ya sa nake rubuta wannan a gida, domin iyalinka da waɗanda suka yi aiki da kai.

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Mirza Shujaat Baig ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, cikin watan Sha'aban, yana da shekara arba'in da bakwai. Zuciyarsa ce ta tsaya. Yana kan hanyar zuwa aiki da safe ya ji abin da ya ji a kusa da danjar unguwar Mehdipatnam, sai ya gangara gefen titi, ya kafe babur, ya zare makulli, ya rataye hular kwano a jikin madubi, sannan ya zauna a kan dakali. Mai shayin wurin ya ɗauka waya zai amsa. An yi masa sutura bayan la'asar a maƙabartar unguwarsu. Ya bar matarsa Asra, da 'ya'ya biyu, da mahaifiyarsa tsohuwa.

Duk wanda ya san ka bai yi mamakin maganar hular ba. Ko mutuwa ba ka yarda ka yi ta a tsakiyar titi ka tare wa mutane hanya ba.

Shekara tara da suka wuce na shigo kamfanin nan da digiri biyu da ra'ayi a kan komai. Kai difloma gare ka, da tsohon kwanon abinci mai hawa uku. Aka zaunar da ni kusa da kai aka ce in koya, ni kuwa ban ga abin da zan koya ba. A watan farko na goge bayanan mako guda cur da danna maɓalli ɗaya, na zauna ina kallon kwamfuta. Ka jawo kujerarka, ba ka tambaye ni yadda aka yi ba, ka yi awa huɗu kana dawo da su. Da Rao garu ya iso yana huci, ka ce masa, "Mun yi kuskure, mun gyara." Mun. Ni kaɗai na taɓa maɓallin, kai kana masallaci ma lokacin da abin ya faru. Da ya tafi ka buɗe kwanon ka tura mini shinkafa da miyar wake mai tsami, ka ce in ci tukuna, in ji kunyar daga baya.

Kwanon nan hawa ɗaya naka ne, ɗaya na duk wanda ya zauna kusa, na ƙasan kuma na mai gadin ƙofar gilashi ta ofis, kullum, ba fashi. Lokacin da mahaifina ke kwance a asibiti kafin rasuwarsa, ka je ka ba da jini ba ka gaya mini ba. A littafin ma'aikaciyar jinya na ga sunanka. Da na yi maka maganar sai ka ce hanya ce ta biyo da kai.

Bayan shekara biyar aka ɗaga ni aka ɗora a kanka, saboda takarda. Kai ka fara kawo biskit ɗin Osmania ofis don murna. Daga ranar suna biyu kake kirana da su. In ka ce "Nuzhat bibi", komai lafiya. In ka ce "madam", na san na yi shirme, sai in koma in duba.

Iyalinka ba su taɓa sanin ainihin abin da kake yi a ofis ba, don ba ka kai aiki gida da baki, to bari in faɗa musu. Kayan wankin ƙoda muke kai wa cibiyoyi arba'in da biyu a faɗin jihar Telangana: matatai, robobi, ruwan magani. Mai sito na kowace cibiya yana shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita. Duk wannan yana taruwa a rumbun bayanai, a cikin abin da ake kira gajimare, wato na'urorin haya a wani gini da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Kullum ƙarfe shida na safe manhajar nazari takan je rumbun ta kwaso bayanan, ta zana su a allo da launi uku, kore da rawaya da ja. Inda ya yi ja, nan mota take zuwa. Kai ka haɗa rumbun da allon, shekara uku da suka wuce.

Rumbu ba ya buɗe wa baƙo. Dole manhajar ta zo da suna da kalmar sirri kowace safiya. Ƙa'ida ita ce a buɗe mata asusu nata na kanta, wanda ba na wani ɗan Adam ba, ba ya tafiya hutu, ba ya canja wurin aiki, ba a binne shi. Wannan yana buƙatar fom daga ofishin tsaron bayanai, da jiran kwana biyar na aiki, da sa hannun shugabar rukuni, wato ni. Ga shi kuma washegari za mu nuna wa shugabannin asibitoci allon a karon farko. Har rigar da ke jikinka ina tunawa. Na ce, "Sa naka kawai, bhai, mako mai zuwa mu gyara."

Ka ce, "To, madam."

Sau bakwai ka rubuto mini a kan maganar cikin shekara uku. Na ƙirga, suna nan. Amsoshina ma suna nan: bayan salla, bayan bikin Diwali, bari damina ta wuce, sai an gama ƙaura zuwa sabon bene. Ba mugunta ba ce, kuma ba zan yi wa kaina ado in ce aiki ne ya yi mini yawa ba. Fom ɗin yana nufin in zauna awa guda da mutanen tsaro suna yi mini tambayoyin da na raina, alhali abin yana tafiya lafiya lau. Karo na takwas da baki ka faɗa, a wurin shan shayi, a watan Disamba. Ka ce ranar da bas ta kaɗe ka, allon nan zai bi ka kabari. Na ce ai ba ka da izinin mutuwa kafin ƙarshen zango. Kowa ya yi dariya, har da kai.

Akwai wani ɗan layi mai launin toka a can ƙasan allon, da ƙananan baƙaƙe, yana faɗin rana da lokacin da aka kwaso bayanai na ƙarshe. Shi kake fara dubawa kowace safiya tun kafin ka sauke jaka. Ka nemi a ƙara masa girma, aka ce zai ɓata kyan allon. Kuma duk da kai ka gina shi, ba ka taɓa fifita allon a kan mutum ba. Ka san masu siton nan arba'in da biyu da sunayensu, kana kiransu kana yi musu yaren Telugu mai ƙamshin Urdu, suna dariya suna gyara maka. In mai sito ya ce babu, allo ya ce akwai, mai siton kake bi. Mu sauran, masu takardu, allon muke bi.

Ranar Alhamis muka je gidanka karatun kwana uku. Rao garu ya cire takalmi ya zauna a waje cikin maza, ya yi kuka na gaske. Ina faɗin wannan don kada a ɗauke shi abin da ba shi ba. Ranar Juma'a da hantsi ofishin ma'aikata ya rufe asusunka. Ƙa'idarsu ce: wanda ya bar aiki, ko ta wace hanya ya bari, a rufe cikin awa saba'in da biyu. A shekara tara ban taɓa ganin ofishin nan ya yi abu a kan lokaci ba sai wannan.

Asabar da ƙarfe shida manhajar ta je rumbu da sunanka, aka ce ba a san ka ba. Da allon mutuwa ya yi, ya koma baƙi, da cikin minti biyar an taso mu. Bai mutu ba. Ya ci gaba da nuna bayanan Juma'a, kore shar, kamar ba abin da ya faru. Manhajar ta aika saƙon gargaɗi yadda aka tsara ta, zuwa ga mai haɗin. Mai haɗin kai ne, akwatin saƙonka kuma a rufe.

A wata cibiya da ke gundumar Nalgonda, da yammacin Juma'ar nan, bututun ruwa ya fashe a sito ya jiƙa kwali uku na matatai. Mai siton ya yi abin da ya dace: ya ware su, ya shigar cewa saura shida. Rumbun ya karɓa. Allon yana nan a kan sittin da shida. Asabar mai siton ya bugo waya, mai tsara motoci ya dubi allo ya ce masa ya koma ya duba kantocinsa da kyau. Lahadi babu kowa a ofis. Litinin ya sake bugowa, aka buɗe masa takardar ƙorafi, aka ba shi lamba. Daga baya ya gaya mana ya kira wayarka sau biyu ya ji ta a kashe. Bai san ka rasu ba. Ba wanda ya tuna ya sanar da masu sito.

Talata da safe, mako guda cif da rasuwarka, na tsinci kaina a tsaye a bayan kujerarka, ba tare da wani dalili ba, sai idona ya sauka a kan layin tokar. Juma'a, ƙarfe shida da minti huɗu.

Nan take aka tura mota Nalgonda. Amma saura cibiyoyi arba'in da ɗaya ba mu san halin da suke ciki ba, kuma ba mai iya taɓa haɗin sai mai shi. Mutanen tsaro suka ce hanya mafi sauri ita ce a sake buɗe asusunka na yini ɗaya. Suka buɗe, suka ba ni sabuwar kalmar sirri. Saura lambobi shida da ake turawa wayar mai asusu kafin a bar shi ya shiga. Wayar tana gidanka a unguwar Toli Chowki, a hannun mace mai takaba, wadda ba ta ganin baƙin maza. Maza biyar da ke ɗakin taro suka juyo suka dube ni a tare. Ranar ce kaɗai na ga kamfanin ya lura cewa ni mace ce, ya kuma ji daɗi.

Asra bhabhi, kamar yadda muke kiran matar ɗan'uwa, ta ɗauka gaisuwa na dawo yi. Ta sa aka kawo shayi, ta zaunar da ni a kan farin ƙyallen da aka shimfiɗa wa masu karatu, ƙwallayen dabinon da ake ƙirga zikiri da su har lokacin suna tare a kusurwa. Na yi minti ashirin ina amsa mata magana, kwamfuta tana cikin jakata kamar kayan sata. Mahaifiyarka tana gefe tana jan carbi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, bhabhi ta tashi ta buɗe durowa, ta ɗauko wayar a naɗe cikin hankicinka, ta kunna. Ba a yi minti ɗaya ba wayar ta fara rawa a tafin hannunta, saƙo bayan saƙo, duk gargaɗin kwana huɗu da suka taru suna jira a buɗe maka.

"Har yanzu ba su tashe shi daga aiki ba?" ta ce.

Ba da zafi ta faɗa ba. Ta karanto mini lambobin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada in kuskure. Na shigar. Kwamfutar ta rubuta: Barka da dawowa, Shujaat. Na juyar da ita don kada bhabhi ta gani, ashe Rumaisa, babbar 'yarka, tana tsaye a bayana. Shekararta ta biyu ke nan a karatun injiniya. Ta karanta, ta dubi saƙonnin da ke wayar, ta gane abin da take gani fiye da yadda na so.

A bakin ƙofa bhabhi ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko wani abu ka bari a karkace. Ta ce ba halinka ba ne, ko famfon gida in yana ɗiga ba ka iya zama ka ci abinci. Na ce mata a'a, ba kai ba ne. Ban ce mata ni ce ba. Na sa takalmina na tafi.

Laraba labarin ya iso. Wani masaƙi mai suna Yadaiah, ɗan shekara hamsin da takwas, yana zuwa wankin ƙoda a cibiyar nan ta Nalgonda sau uku a mako daga ƙauyensu, tafiyar bas biyu. Ranar Asabar matatai shidan sun ƙare kafin layi ya zo kansa, aka ce ya koma gida. Litinin ya dawo, aka sake mayar da shi. Talata ruwa ya cika masa huhu, ya rasu motarmu tana kan hanya. Likitoci sun ce ba za su rantse cewa rashin wankin ne kaɗai sanadi ba, don dama yana da ciwon zuciya. Kamfanin ya riƙe wannan jimlar hannu bibbiyu.

A ranar mutanen tsaro suka amince da fom ɗin nan cikin awa ɗaya, ba tambaya ko guda. Na zauna na cire sunanka daga haɗin, na sa asusun da ba na kowa ba. Minti goma sha ɗaya aikin ya ci. Na duba agogo.

Kamfaninmu yana alfahari da cewa rahoton bincikensa ba ya ɗora wa kowa laifi. Haka aka rubuta a saman fom da manyan baƙaƙe. Amma a ƙasa akwai wani gurbi mai suna Tushen Matsala, kuma ba a barinsa fanko. Rao garu ya cike shi da cewa wani tsohon ma'aikaci ya yi amfani da asusunsa na kansa, saɓanin ƙa'ida, ba tare da sanin shugabanni ba. Rabin farko gaskiya ne. Rahoton zai je kwamitin asibitoci, daga nan hukumar lafiya, daga nan jarida, don dangin Yadaiah sun riga sun zauna a ƙofar cibiyar da hotonsa. Mutum ɗaya ne ya mutu a sashenmu a watan nan. Ba wanda zai wahala wajen gano sunan, balle Rumaisa.

Washegarin ranar da aka ajiye mini takardun na shiga ofishin Rao garu da rahoton. Na soke layinsa na rubuta nawa: an yi haɗin da asusun ma'aikaci bisa umarnin shugabar rukuni, Nuzhat Quadri, ma'aikacin ya nemi a gyara sau bakwai a rubuce, ita ta ɗage. Na liƙa saƙonninka bakwai da amsoshina bakwai a baya.

Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya yi mini magana kamar ɗan'uwa, kuma na yarda da zuciya ɗaya yake yi. Ya ce kai ka wuce inda kwamiti zai same ka, ba za a kore ka ba, ba za a kai ka kotu ba. Ya ce ni ina da uwa mara lafiya a gida, kuma garin nan duk girmansa ƙarami ne ga masu irin aikinmu, labari yakan riga mutum isa wurin neman aiki. Ya ce da kana raye, da kanka za ka ce a bar rahoton yadda yake.

"Haka ne, Rao garu, da zai ce," na amsa. "Ya taɓa yi mini sau ɗaya. Ya isa."

"Ba wanda zai gode miki, Nuzhat."

"Na sani. Na riga na aika wa kwamiti kwafi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ajiye katin shiga a kan teburinsa, in zauna a gida har kwamiti ya zauna. Har yau bai zauna ba, ban kuma san abin da zai yanke ba.

Kada wani ya kira wannan jarumta. Abin da aka nema a wurina tun farko awa guda ce ta zama da mutanen da suke gundura ta, kuma wannan ba ya buƙatar jarumta ko kaɗan. Yadaiah ba zai koma kan masaƙarsa ba don na rubuta sunana a wani gurbi. Abin da ya rage a hannuna ƙarami ne: kada a ɗora maka gawar da ba kai ka jawo ba, a lokacin da ba ka da bakin cewa komai, ko da "mun" ɗin nan naka ne.

Allah Ya jiƙanka, Shujaat bhai. Ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi, Ya saka maka da kowane laifin wani da ka raba ka ɗauki rabi. Asra bhabhi, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika yi da ni ranar nan. Ammi, mahaifiyarsa, Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya haɗa ki da ɗanki a gidan da ba rabuwa. Rumaisa da Faraz, mahaifinku bai bar komai a karkace ba. Allah Ya tsaya muku, Ya raya ku a kan halinsa. Ga iyalan Yadaiah kuma, waɗanda ba su san ni ba, ba su kuma da dalilin karɓar komai daga hannuna, ina miƙa ta'aziyyata, kuma sunana yana cikin rahoton in suna neman wanda za su tambaya.

A ranar da na ajiye katin, kayana duka jaka ɗaya suka cika. Na bi ta gaban babban allon da ke bango na dubi layin tokar: Talata, ƙarfe shida da minti huɗu, ba sunan kowa a bayansa. Mai gadin ya buɗe mini ƙofar gilashin da nasa katin, ya tambaye ni ko zan dawo bayan azahar. Na ce a'a. Ƙofar ta ja kanta a hankali ta rufe a bayana, makullin ya yi ƙas. Na tsallaka titi na tsayar da keke mai ƙafa uku, na ce masa Toli Chowki, don akwai rabin amsa da na bari a can, wurin bhabhi.